Famfon Ruwan Mota: Bambancin Na Bel da Na Lantarki, da Wanda Ya Dace da Titunan Bauchi

Famfon ruwa shi ne abin da ke zagaya da ruwan sanyaya inji tsakanin cikin injin da lagireto. Ƙaramin abu ne da ake iya ɗauka da hannu ɗaya, amma idan ya tsaya mota na tafiya, mintuna kaɗan sun isa gaskit ya ƙone, tof silinda ya lanƙwashe, wani lokaci ma injin ya buga gaba ɗaya. Iri biyu ake samu a motocin da ke yawo a Najeriya a yau: wanda injin da kansa ke juyawa ta hanyar bel ko sarƙa, da wanda ƙaramin injin lantarki ke juyawa da wutar batir.

A garin Bauchi, inda watannin Maris da Afrilu kan kai zafin rana kusa da digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, batun ya wuce na sha'awar masu ƙawata mota. Akwai masu motocin da suka zo daga kamfani da famfon lantarki, irin su wasu BMW da sababbin Toyota Camry, waɗanda ya kamata su san halin abin da suke tuƙawa. Akwai kuma matasa masu motoci masu ƙarfi da ke ganin bidiyon 'yan tsere a intanet, su yi sha'awar cire famfon asali su sa na lantarki da zummar ƙarin gudu. Wannan bayani ya tattaro yadda kowanne ke aiki, da abin da yake ci, da yadda yake lalacewa.

Aikin famfo a cikin tsarin sanyaya inji

Injin fetur ba ya mayar da dukkan man da ya ƙona zuwa tafiya. A ƙiyasin da injiniyoyi suka saba amfani da shi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke kai wa ga tayoyi, kashi ɗaya ya fita ta salansa, sauran kashi ɗayan kuma ya zama zafin da dole ruwa ya kwashe. Ruwan yana bi ta wasu hanyoyi da aka sassaƙa a jikin injin, kewaye da silinda da kuma cikin tof silinda, ya ɗebi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. A can iska ke busa shi, ko dai iskar tafiya ko ta fanka, sannan ya dawo ta tiyon ƙasa zuwa bakin famfo.

Abubuwa biyu ke taimaka wa famfon. Na farko shi ne tamostat, wani bawul da ke rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai zafin da aka tsara, galibi tsakanin digiri 82 da 90. Na biyu shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsin da ya kai kusan ba ɗaya. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, amma a Bauchi, mai tudun kusan mita 600, yakan tafasa a wajen digiri 98, a Jos kuma, mai tudun kusan mita 1,200, a wajen digiri 96. Murfi mai lafiya yana ɗaga wannan iyaka zuwa wajen digiri 120. Saboda haka murfin da robarsa ta mutu kan sa mota ta riƙa tafasa ko da famfonta sabo ne fil.

Taƙaitaccen tarihi

Motocin farko da yawa ba su da famfo sam. Mafi yawan Ford Model T da aka ƙera a Amurka tsakanin 1908 da 1927 sun dogara ne ga ɗabi'ar ruwa: mai zafi ya hau sama, mai sanyi ya sauka ƙasa. Da injina suka ƙara ƙarfi, wannan dabara ta gaza, sai famfon da fambel ke juyawa ya zama ruwan dare. Shi ne a jikin Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa. Famfon da inji ke juyawa ne kuma a jikin manyan motoci da taraktocin da kamfanin Steyr ya riƙa harhaɗawa a Bauchi tun ƙarshen shekarun 1970. Tsofaffin makanikan garin a kan wannan famfo suka koyi sana'a.

Famfon lantarki ya fara yin suna ne a wurin 'yan tseren gajeren zango na Amurka, masu gudun rubu'in mil, wato mita 402. Kamfanoni irin su Meziere da Moroso na Amurka da Davies Craig na Ostireliya suna ƙera shi domin masu son sauyawa. A shekarar 2004 kamfanin BMW ya fito da injin N52 mai silinda shida, wanda babban famfonsa na lantarki ne ƙirar kamfanin Pierburg na Jamus. A 2009 Toyota ta fito da Prius zubi na uku da injin da babu bel a jikinsa ko ɗaya, sannan ta sa famfon lantarki a injin lita 2.5 na Camry ƙirar 2018. Sai dai tafiyar ba ta miƙe ɗoɗar ba: a injin B58 da BMW ya fitar a 2015, kamfanin ya koma ga babban famfon da bel ke juyawa, ya haɗa shi da bawul ɗin da kwamfuta ke sarrafawa.

Famfon da inji ke juyawa

Ƙirarsa mai sauƙi ce. Akwai sanda guda, a kanta ɗaya fuli, a ɗaya kan kuma farfela mai fikafikai da ke cikin ruwa. Boris ne ke riƙe da sandar, sil kuma ke hana ruwa isa ga boris ɗin. A ƙasan jikinsa akwai wata 'yar huda da aka yi da gangan, domin idan sil ya fara gajiya ruwa ya ɗiga waje a gani.

Abin da ke juya shi ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma wannan bambanci ne ke yanke tsadar gyara. A Toyota Camry mai lita 2.4 da ake wa laƙabi da Muscle, da Honda Accord mai silinda huɗu da aka fi sani da End of Discussion, bel ɗin waje ne ke juya shi, don haka sauya shi ba ya buƙatar buɗe cikin inji. A Peugeot 406 da Honda Accord mai silinda shida, taimin bel ne ke juya shi. A irin waɗannan, idan boris ɗin famfo ya cije, yana iya tsinka taimin bel, fistin ya daki bawul, ƙaramin gyara ya koma babba. Dalilin ke nan da ya sa ake sauya famfo tare da taimin bel a lokaci guda. A Ford Edge da Explorer masu injin lita 3.5 kuwa, famfon yana can ciki ne, sarƙar taimin ke juya shi, kuma idan ya lalace ruwa na iya gangarawa cikin baƙin mai.

Babbar siffar wannan famfo ita ce gudunsa yana bin gudun inji. Idan mota na tsaye injin na zagaye 750 a minti, ruwan da yake turawa kaɗan ne. Idan aka taka totur zuwa zagaye 5,000, ruwan yakan ninku sau shida ko fiye. A manyan injina masu silinda takwas yana iya wuce lita 300 a minti.

Famfon lantarki da ire-irensa

Ana yawan haɗa abubuwa uku daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne babban famfon da ya zo daga kamfani, kamar na BMW 325i da 330i da 530i masu injin N52, ko na Camry daga 2018. Injin lantarkinsa ba ya amfani da gawayin buroshi, kuma ƙwaƙwalwar mota ce ke ba shi umarni. Da sanyin safiya takan rage masa gudu ƙwarai domin inji ya yi saurin ɗumi, a kan hawa ta ƙara masa, bayan an kashe mota kuma tana iya barin sa ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci. An tsara lagireto da altaneta da wayoyin motar duka a kan wannan famfo.

Na biyu shi ne ƙaramin famfon taimako. Ana samun sa a motocin Volkswagen da Audi da Mercedes da dama, musamman masu turbo. Aikinsa shi ne ya ci gaba da zagaya ruwa ta cikin turbo bayan an kashe inji, ko ya tura ruwa zuwa na'urar ɗumama ɗaki. Babban famfon bel yana nan a wurinsa.

Na uku shi ne na kasuwa, wanda ake saye a ɗora wa motar da ba da shi aka ƙera ta ba. Wani ana ɗaure shi a gurbin na asali, wani kuma a yanka tiyon ƙasa a sa shi a tsakiya. Davies Craig na da samfura irin su EWP80 da EWP115, inda lambar ke nuni da kimanin litar ruwa a minti. Meziere na da mai galan 35 da mai galan 55 a minti, na biyun kusan lita 208 ke nan. Yawancinsu kan ja wutar da ke tsakanin amfiya 6 da 12. A kan wannan nau'i na uku ne muhawarar masu motoci masu ƙarfi ta ta'allaƙa.

Lissafin ƙarfin da ake cewa ana samu

Hujjar masu famfon lantarki ita ce famfon bel yana satar ƙarfin inji. Gaskiya ne, amma sai an duba a wane gudu. Ƙa'idar irin wannan famfo ita ce idan aka ninka gudunsa sau biyu, ruwan da yake turawa zai ninku sau biyu, matsinsa sau huɗu, ƙarfin da yake ci kuma sau takwas.

A ɗauki misalin famfon da ke cin kilowat 2 a zagaye 6,000, wato ƙarfin doki biyu da rabi da 'yan kai, tunda ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. A zagaye 3,000, inda yawancin motoci ke tafiya a babbar hanya, zai ci wat 250 ne kacal. A zagaye 1,500, irin tafiyar cikin gari, bai fi wat 31 ba.

Shi ma famfon lantarki ba kyauta yake aiki ba. Wanda ke jan amfiya 10 a bolt 14 yana cin wat 140. Altaneta ne ke samar da wannan wuta, shi kuma altaneta bel ne ke juya shi, kuma kusan rabin ƙarfin da ya karɓa yana salwanta a matsayin zafi. Ke nan injin zai biya wajen wat 250 kafin famfon ya sami 140 ɗinsa. Idan an haɗa shi kai tsaye yana aiki da cikakken gudu ko yaushe, to a cikin gari ya fi famfon bel ci, a babbar hanya sun yi kunnen doki, sai a can ƙololuwar totur ne ribarsa ke fitowa.

Ga ɗan tseren mita 402, wanda injinsa ke kururuwa a zagaye 6,000 ko 7,000 na 'yan daƙiƙoƙi, ƙarfin doki biyu ko uku na iya raba na ɗaya da na biyu. Ga wanda ke fita daga Yelwa zuwa Wunti, ko daga Fadaman Mada zuwa kasuwar Muda Lawal, ribar ba ta kai abin da zai ji a ƙafarsa ba. Dokokin hanya na Najeriya ma sun ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu, kuma babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar zagaye 6,000. Tsimin man da kamfanoni ke samu da famfon lantarki yana zuwa ne daga sarrafawar kwamfuta da saurin ɗumamar inji, abin da famfon kasuwa da aka haɗa da makunni kawai ba ya bayarwa.

Gosulo da hawan Jos

Kowanne daga cikin biyun yana da inda ya fi ƙarfi. A cikin cunkoso, kamar wanda ake samu a shataletalen Wunti ko kewayen Babbar Kasuwa da rana tsaka, injin yana zagaye a hankali, na'urar sanyaya ɗaki na ƙara wa lagireto zafi, iskar tafiya kuma babu. A nan famfon lantarki na iya tura ruwa fiye da na bel. Haka kuma bayan an kashe mota mai zafi, famfon bel yakan tsaya nan take, ruwan da ke cikin tof silinda ya ci gaba da ɗaukar zafin ƙarfe, har allurar ma'auni ta hau. Na lantarki yana iya ci gaba da zagayawa ya kwashe wannan zafi.

Amma zafin da inji ke haifarwa a tsaye kaɗan ne idan aka kwatanta da na lokacin da yake jan nauyi. Lissafi mai sauƙi zai nuna haka. Idan injin da ke aiki tuƙuru yana zuba wa ruwa zafin kilowat 70, kuma ana son ruwan ya sauka da digiri 7 a cikin lagireto, to ana buƙatar kusan lita 145 a minti. Idan a tsaye yake yana zuba kilowat 7, lita 15 ta wadatar. Wato buƙatar ruwa tana hawa ne tare da totur, kuma haka famfon bel yake yi da kansa ba tare da waya ko kwamfuta ba. Mafi yawan motocin da ke zafi a gosulo matsalarsu ta iska ce, wato fanka ko toshewar lagireto, ba ta yawan ruwa ba.

Hanyar Bauchi zuwa Jos, mai tsawon kusan kilomita 130, ita ce ma'aunin gaskiya. Mota tana hawan kusan mita 600 kafin ta isa, ta bi ta Toro da Tilden Fulani, sau da yawa cike da mutane da kaya, ga kuma wuce tirela a kan hawa. A irin wannan tafiya inji kan daɗe yana jan nauyi. Lambar da aka rubuta a kwalin famfon kasuwa kuwa galibi an auna ta ne ba tare da wani cikas a gaban ruwan ba. Da zarar ya fara tura ruwa ta ƙananan hanyoyin inji da tamostat da bututun lagireto, abin da yake bayarwa yakan ragu sosai, kuma ba shi da wani ƙarin gudu da zai kawo. Famfon da ya ishi tseren daƙiƙa 12, inda ake hutawa a sanyaya inji kafin zagaye na gaba, yana iya gazawa a hawan minti 20.

Shi ma na bel yana da iyakarsa. A zagaye mai yawa ƙwarai, farfela kan tsotsi ruwa da ƙarfin da zai sa kumfar tururi ta tashi a bakinta. Wannan kumfa tana rage turawa, tana kuma cinye fikafikan a hankali. Masu injinan tsere kan magance haka da sa fuli mai girma domin rage masa gudu.

Yadda kowanne ke mutuwa

Famfon bel yakan yi sallama kafin ya tafi. Ana ganin ɗigon ruwa ko busasshen farin tabo a ƙarƙashin hudarsa, ana jin ƙugin boris, ko a kama fuli a ji yana girgiɗi idan inji na kashe. Mai lura zai iya samun kwanaki ko makonni na shiri. Inda yake yaudara shi ne idan tsatsa ta cinye fikafikan ƙarfe, ko farfelar roba ta saki sanda: daga waje komai lafiya, a ciki ruwa ba ya motsi. Haɗarinsa na biyu shi ne bel. Idan ya tsinke, famfo da altaneta sun tsaya tare, fitilar batir ta kama, kuma wannan fitila alama ce ta a tsaya, ba a lallaɓa zuwa gida ba.

Famfon lantarki kuwa sau da yawa ba ya gargaɗi. Yana aiki, sai kawai ya daina. A BMW mai injin N52 alamar da aka sani ita ce fanka ta tashi da cikakken ƙarfi, gargaɗin zafi ya bayyana a allon direba, ƙwaƙwalwar mota ta rage wa injin ƙarfi. A motar da aka yi wa sauyi kuwa, babu ƙwaƙwalwar da ta san da zaman famfon, don haka fis da ya ƙone, ko rile da ya gaza, ko wayar da ta saki a kan gargada, duk suna iya tsayar da ruwa ba tare da direba ya sani ba sai allura ta kai ja.

Akwai kuma batun tsawon rai. Wasu masu ƙera famfon kasuwa suna auna rayuwarsa da awa, wajen awa 3,000. Ga motar tsere, wannan shekaru ne masu yawa. Ga motar da ke aiki awa biyu a rana, shekara huɗu ne da wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ga motar haya mai awa takwas a rana, kwana 375 ne.

Sai samuwar kaya. Famfon Camry ko Accord ko 406 ana samun sa a shagunan kayan gyara na Bauchi, in ya ɓace a aiko da shi daga Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kuma kusan kowane gareji zai iya ɗaura shi. Na BMW ya ninka shi tsada, wanda aka ciro daga tsohon inji kuma ba a iya sanin awa nawa ya rage masa. Na kasuwa galibi sai an yi odarsa daga waje. Wanda famfonsa ya mutu a hanyar Yankari ko ta Ningi zai gane girman wannan bambanci.

Abubuwan da yanayin Bauchi ke ƙarawa

Ruwa shi ne na farko. Al'adar zuba ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto tana cutar da famfo iri biyun. Gishirin ƙasa da ke cikinsa yana daskarewa ya toshe bututun lagireto, tsatsa ta ci farfela, sil ya bushe. Ruwan sanyaya inji na musamman, mai sinadarin gilaikol, ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba: yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, yana kare sil, kuma haɗin rabi da rabi yana ɗaga iyakar tafasa zuwa wajen digiri 107 tun kafin a lissafa matsin murfi. A famfon BMW ruwan ne ma ke sanyaya injin lantarkin, saboda haka gurɓataccen ruwa ko ƙarancinsa na gajarta masa rai.

Na biyu shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, abin da ake yi wa motocin Kwatano da yawa da zarar sun iso, da hujjar cewa an ƙera su ne don ƙasar sanyi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana ƙara shan mai, yana kuma saurin cinyewa. A wasu injina, tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma famfo ba tare da ya shiga lagireto ba, don haka cire shi na iya ƙara zafi maimakon ya rage. A motar da kwamfuta ke sarrafa famfonta, wannan aiki yana rikita lissafin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya.

Na uku shi ne ƙurar hunturu da ƙwarin damina, masu liƙewa tsakanin lagireto da na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa su toshe iska. Na huɗu kuma wuta ce. Zafi yana saurin kashe batir, kuma altaneta a tsaye ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Idan fanka biyu da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki da manyan lasifikoki suna ja lokaci guda, ƙarin amfiya 10 na iya kai tsohon altaneta bango.

Wanda ya dace da wa

Motar da ta zo da famfon lantarki daga kamfani, a bar ta da shi. A sa irin wanda kamfani ya tsara, a sauya tamostat tare da shi, a kuma fitar da iska bisa ƙa'idar motar. A injin N52, ana kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a kai na'urar ɗumama ɗaki ƙarshen zafi, fankarta a mafi ƙanƙantar gudu, a danne totur har ƙasa na daƙiƙa 10. Famfon zai yi ta aiki shi kaɗai na kimanin minti 12 yana korar iska. Ana son batir ya kasance cike kafin a fara.

Motar da ta zo da famfon bel, wadda ake hawa kullum ko ake tafiya mai nisa da ita, ko da an ƙara wa injinta ƙarfi, famfon bel mai inganci ne ya fi dacewa da ita. Kuɗin da za a kashe a sauyi ya fi amfani idan aka sa shi a lagireto mai kyau, da fanka mai lafiya tare da rufinta, da murfi, da ruwan da ya dace.

Famfon lantarki na kasuwa yana da hujja a wurare uku: motar da aka ware don tsere a filin da aka keɓe, motar da aka sauya mata inji har wurin fuli da bel ya ƙure, da kuma matsayin mai taimako, inda za a bar na asali a ƙara ƙarami domin zagaya ruwa a gosulo da bayan kashe mota, musamman a inji mai turbo.

Idan har za a yi sauyin

Aikin na makanike ne da rewaya tare. A zaɓi famfon da ya dace da girman injin da irin tafiyar da ake yi, a sa shi a ƙasa inda ruwa zai cika bakinsa ko yaushe, domin irin wannan famfo ba ya iya tsotso ruwa idan iska ta shiga. A ba shi fis da rile nasa da waya mai kauri, a nesanta wayar daga salansa. A haɗa shi da na'urar da ke sarrafa gudunsa bisa zafin ruwa, maimakon makunnin hannu da direba zai iya mantawa. A sa fitila ko ƙararrawa da za ta sanar idan ya tsaya. A tabbatar altaneta zai iya ɗaukar ƙarin nauyin, a kuma duba hanyar bel, domin a injina da yawa fulin famfo na cikin abin da ke riƙe bel a kan hanyarsa. Fis da rile na ajiya su kasance a cikin mota.

Idan allura ta hau a hanya

Ko wane irin famfo ne a motar, matakin ɗaya ne. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sauka gefen hanya inda babu haɗari, a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya feshewa ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, domin ƙarfe na iya tsagewa. Bayan ya huce, a duba yawan ruwa, da bel, da tiyo, da fanka, da fis. Idan famfon ne ya tsaya, a nemi a ja motar. Kuɗin janwe da na sabon famfo, ko da na lantarki ne, bai kai kuɗin injin da ya buga ba.